Jan da Korau Ya Tafi Nema

Da sunan Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya yi mata faɗin da ƙafa ba ta ƙure shi, ya kuma ajiye wa kowane bawa makwancinsa tun bawan bai san hanyar wurin ba. Ku gyara zama, ku ara mini kunnuwanku. Ni ne Mantau ɗan Shekarau, marini jikan marini, mutumin birnin Tsamiyar Dutse. Abin da zan faɗa muku idona ya gani, ƙafata ta taka, kuma har yau in iska mai sanyi ta kaɗa, ƙasusuwana suna ba da shaida.

Mu biyu mahaifiyarmu ta haifa, ni da wana Korau. A duk marinar garinmu babu na biyunsa. In ya tsoma fari a karofi ya tsamo, sai ka rantse wani yanki na dare ya yanko ya shanya a igiya. Da harshe yake ɗanɗana ruwan baba ya san ko ya nuna, da kunne yake sauraron muciya ya san abin da ke ƙasan rami. Ni dai ɗan bin baya ne, in matse, in shanya, in kai mabuga.

Ana nan sai farar yana ta fara hawa idonsa. Tun yana gane mutum daga bakin kasuwa, har ya koma sai an yi magana yake cewa, "A'a, wane, kai ne?" Aka yi ta magani, abu ya ƙi. A cikin wannan hali wani tsohon falke ya sauka a zaurenmu, ya ba mu labarin wani kurmi da ke can ƙarshen arewa, bayan rairayi, bayan tekun gishiri. Ya ce in kaka ta yi a can, itatuwa duka sukan rikiɗe su yi ja, irin jan da karan dafi da majigi bayi ne a gabansa.

Tun daga ranar Korau ya daina cin abinci sosai. Wata safiya muna bakin karofi ya ce mini, "Mantau, shuɗi dai na gama da shi. Kafin fitilar nan tawa ta mutu, ina so in ga jan nan, in kama shi a ƙyalle."

Da Inna ta ji, ta tafa hannu ta ce, "Wanda ba ya ganin dokin ƙofa shi ne zai ƙetare duniya?" Ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta yi kuka. Da ta ga bakin alƙalami ya bushe, sai ta daka mana yaji ta zuba cikin jakar fata, ta ƙulla mana dakuwa, ta kama hannun Korau ta sa a nawa ta ce, "Kai ne idonsa. Ku je, Allah ya kai, Allah ya dawo da ku."

Muka bi ayari muka ratsa rairayi, muka shiga jirgin ruwa muka sha amai a teku, muka wuce garuruwan da ba mu san gaisuwarsu ba. Wata da watanni muna tafe, hannunsa a kafaɗata, ina faɗa masa abin da ke gabanmu. Daga ƙarshe hanya ta ƙare a bakin kurmi.

Jama'a, ban taɓa ganin daji irin wannan ba. Wasu itatuwan miƙaƙƙu ne kamar mashi, ganyensu allurai, ƙamshinsu kamar an turara ɗaki. Wasu kuma ɓawonsu fari fat, yana ɓarewa kamar takarda. Ƙasa taushi kamar an shimfiɗa kilishi, ba ka jin takun kanka. Rana kuwa ba ta hawa tsakiyar sama, sai dai ta bi gefe-gefe kamar mai jinya yana bin bango.

Guzurinmu ya ƙare a bakin wani kogi. Da na leƙa ruwan sai na yi salati, domin kifaye ne jajaye, manya, maƙil, suna hawa sama suna gaba da igiyar ruwa, suna tsallake duwatsu kamar an kira su ɗaurin aure. Da hannu na kama biyu. Na hura wuta ina gashi, sai Korau ya ɗaga kai ya shaƙi iska ya ce, "Ƙanena, ba mu kaɗai ba ne. Akwai wari a bayanka."

Na waiwaya. Wata dabba ce ta fito daga cikin itatuwa, gashi buzu-buzu, ta fi bijimi kauri, faratanta kamar lauje. Ta miƙe bisa ƙafa biyu kamar mutum ta yi gurnani, har ganye ya zubo. Na laluba wuƙa, Korau ya riƙe hannuna ya ce a hankali, "Wuƙa ba ta yi. Iska daga ina take kaɗawa?"

Na ce, "Daga wajenmu zuwa wajenta."

Ya ce, "Yajin Inna. Juye a wuta, ka rufe hancinka."

Na juye rabin jakar a garwashi. Hayaƙi ya turnuƙe ya nufe ta. Dabbar nan ta yi atishawa mai kama da aradu, ta dafe fuska da hannu biyu, ta yi ta birgima har ta faɗa kogi, ruwa ya tafi da ita tana kururuwa. Mu ma muka yi ta tari, hawaye na zuba, muna dariya. Ita ce dariya ta ƙarshe da muka yi tare da ƙarfinmu.

Da muka bi kogin sama, muka iske wani ƙauye na ɗakunan gungume, hayaƙi na tashi ta ko'ina. Mutanen farare ne, sanye da fatu. Suka kewaye mu suna magana, ba mu ji, muna magana, ba su ji. Korau ya yi tuntuɓe ya ce, "Wayyo Allah, ƙafata!" Sai muka ji wata murya daga baya tana rawa: "Wa nake ji yana kuka da harshen uwata?"

Wani tsoho ne baƙi kamarmu, gemu fari, yana dogara sanda biyu. Ya rungume mu yana kuka kamar yaro. Sunansa Arzika. Tun yana saurayi ya zo da fatake neman fatu, sanyi ya cinye masa yatsun ƙafa, ayari ya tafi ya bar shi. Mutanen ƙauyen suka yi jinyarsa, suka ba shi mata, har ya yi jikoki. Ya ce, "'Ya'yana, ku yi ta magana, ko zagina ne ku yi, in dai ji."

A gidansa muka sauka. Ƙauyen nan babu mai zama. Maza suna faskare suna jera itace har ya fi ɗaki tsawo. Mata suna tsaga kifi suna kyafewa, suna shanya 'ya'yan itace, suna toshe kafofin bango da gansakuka. Tsofaffi suna jeme fata suna ɗinka takalma. Ko ɓeraye da kuregu ɗauke-ɗauke suke yi. Na tambayi Baba Arzika ko yaƙi ake jira. Ya ce, "Yaƙi ne, ɗana, amma maƙiyin ba ya zuwa da doki. In ya sauka, ruwa yakan zama dutse, tofin bakinka ya daskare kafin ya kai ƙasa. Wanda bai tara ba, ba a jin labarinsa da bazara." Na kama gatari na shiga cikinsu, Korau kuma ya zauna cikin tsofaffi yana murza igiya.

Sai ganye ya fara juyawa. Ya fara da rawaya, ya koma ruwan zuma, ya koma ja, har duwatsu suka zama kamar gobara ta kama su ba hayaƙi. Ina tsaye baki buɗe, Korau yana jan rigata yana cewa, "Faɗa mini, yaya yake?" Shi abin da yake gani dishi-dishi ne kawai. Na rasa abin da zan kwatanta masa da shi.

Muka tara ganye muka dafa, ruwan ya fito kamar na kwata. Muka daka, muka jiƙa da toka, muka gwada da kanwa, duk ƙyallen da muka tsoma sai ya fito ruwan ƙasa. Korau ya rame, ya daina magana. Da Baba Arzika ya ga haka, sai ya ce, "Akwai wani wuri, amma da na so in yi shiru. A ƙetaren tafkin can akwai Kwarin Garwashi. Itatuwan wurin ba ganyensu kaɗai ke ja ba, har ruwan jikinsu. Sai dai ku dubi sama." Muka ji kukan dinyoyi, agwagin daji, sun yi layi sun nufi kudu. Ya ce, "In na ƙarshensu suka wuce, an rufe ƙofa. Ku bari sai baɗi."

Korau ya ce, "Baba, itatuwan za su kai baɗi. Idona ne ba zai kai ba."

Tsohon ya share ido da bayan hannu. Ya ba mu rigunan fata, da ƙaramin kwalekwale na ɓawon itace, mara nauyi, da kyafaffen kifi. Ya ce, "Da ina da ƙafa da na raka ku. Ku tsaga, ku tara, ku juyo. Kada ku tsaya sha'awa."

Muka tuƙa muka ƙetare tafkin, ruwansa shiru kamar madubi. Muka hau wani tudu, muka gangara, sai ga mu a cikin kwarin. Sama ja, ƙasa ja saboda ganyen da ya zuba, hasken rana ma da ya ratso ja yake sauka a jikin mutum. Na ji hannun Korau ya saki kafaɗata. Ya yi gaba shi kaɗai, abin da ya daɗe bai yi ba, yana juyawa, fuskarsa a sama. Ya ce, "Mantau! Ina gani! Wallahi ina gani!" Jan ya yi yawan da ya keta yanar idonsa. Ya durƙusa a cikin ganye yana kuka yana hamdala, ni ma na durƙusa kusa da shi.

Na tsaga ɓawon wata bishiya, ruwa ya tsattsafo kamar jini, muka tara a ƙwarya. Korau ya ɗanɗana, ya zuba 'yar toka, ya motsa, ya fito da farin ƙyallen da ya ɗauko tun daga gida ya tsoma. Da ya tsamo, sai na ja da baya. Ko garwashin maƙera bai kai shi ba. Ya kai shi dab da idonsa ya daɗe yana kallo, ya ce, "To. Alhamdu lillahi."

Ba mu tsaya sha'awa ba, amma rana a ƙasar nan gajera ce, duhu ya riga mu, muka kwana. Da gari ya waye na ga wani abu fari yana saukowa daga sama, shiru, kamar ana shiƙar auduga. Ya rufe ganye, ya rufe sawunmu. Kafin mu kai bakin tafki ya kai mana idon sawu, kuma ruwan da muka tuƙa jiya ya daskare ya yi fata, kwalekwalenmu na kife a gaɓa.

Muka ce mu zagaya ta bakin ruwa. Ba mu yi nisa ba na hango su a kan tudu: kyarketai, masu ruwan toka, sun fi karnukan farauta girma, sun zauna suna kallonmu. Muka koma wajen kwalekwale muka hura wuta. Na zuba sauran yajin, amma iska ta juyo mana da shi. Suna matsowa kaɗan-kaɗan, itacen da ke kusa yana ƙarewa.

Korau ya ce in kai shi bakin ƙanƙarar. Ya ɗauki sanda yana ƙwanƙwasawa yana kasa kunne, kamar yadda yake yi wa karofi. Ya ce, "Nan ta yi kauri. Can gaba ba ta nuna ba. Ba za ta ɗauki mai tsayuwa ba, amma za ta ɗauki mai kwanciya. Ɗora jirgin a kai, mu kwanta a ciki, mu tura da sanduna. Kyarketan kuwa a dunƙule suke gudu, ba za ta ɗauke su ba."

Haka muka yi. Kwalekwalen ya yi ta sulɓi a kan ƙanƙara, tana ƙara a ƙarƙashinmu kamar ana taka busasshen kara. Korau yana ƙwanƙwasawa yana cewa, "Dama. Hagu. Miƙe." Kyarketan suka zubo a guje, a cure wuri guda. Da suka iso inda ba ta nuna ba, sai muka ji ƙara kamar an fasa tulu. Na waiwaya na ga na gabansu suna iyo a baƙin ruwa suna yakushin gefe, na baya suka ja tunga suka juya. Na ce, "Yaya, mun tsira!"

Da ma ban faɗa ba. Saura kaɗan mu kai gaɓa, wani tsinin ƙanƙara ya farke cikin kwalekwalen, ya tsaya cak. Korau ya ce, "Zauna, na fi ka jin ta." Ya zura ƙafa, ya taka, ya ƙara takawa. Akwai wata ƙorama da ke shigowa tafkin ta ƙarƙashi, wadda kunne ba ya ji. Ƙanƙarar ta buɗe ta haɗiye shi har wuya. Na kwanta rub da ciki, na warware rawanina na jefa masa, na ja da hannu da haƙori har ya fito. Kafin mu kai tudu rigarsa ta sandare kamar ƙirgi. Na tuɓe tawa na sa masa, na goya shi, na yi ta tafiya ina kiran sunansa don kada ya yi barci. Mutanen ƙauye, waɗanda Baba Arzika ya hana sukuni tun da farin abin nan ya fara sauka, su suka tsince mu da karnukansu.

Aka kwantar da shi kusa da murhu, aka rufe shi da fatu. Matar Baba Arzika ta yi ta ɗura masa romo da sassaƙe. Amma sanyi ya riga ya shiga ƙirjinsa, numfashinsa ya koma kamar ana zuga-zugi. Idon ma ya rufe gaba ɗaya.

Wata safiya ya farka da ɗan sauƙi ya ce, "Mantau, miƙo mini ƙyallen." Na ciro shi daga inda na shanya a gefen wuta, na duba. Jan nan ɗan sanyi ne. Da ya ji ɗumi ya tafi, ya bar ƙyallen ruwan ƙasa kamar sauran.

Na sa masa a hannu. Ya ce, "Yana nan?"

Na ce, "Yana nan, Yaya. Kamar garwashi."

Ya shafa shi, ya kai hanci, ya taɓa da harshe. Sai ya yi murmushi ya ce, "Kai dai tun kana yaro ba ka iya ƙarya ba. Ya gudu." Na fashe da kuka. Ya lalubo kaina ya dafa ya ce, "Haba, ƙanena. Ai ba a gaya mini ba, na gani. Kai ma ka gani. Bar shi a inda Mai shi ya ajiye shi." Ya huta, sannan ya ce, "Ka ce wa Inna kai dai ka riƙe hannun da ta ba ka. Ni na saki." Baba Arzika ya matso yana laƙƙana masa kalmar shahada, yana amsawa, har muryar ta yi ƙasa. Kafin hantsi ya cika.

Muka yi masa wanka, muka sa shi a farin da ya rage cikin kayanmu. Na ɗauki gatari na je haƙa kabari, gatarin ya yi tsalle kamar na sari ƙarfe. Na sara, na sara, hannuna ya fashe, ko tafin hannu ban haƙa ba. Na zauna a kan ƙanƙara na rasa abin yi.

Sai na ga mutanen ƙauyen suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da rungumen itace. Ku tuna, itacen nan shi ne ransu, da shi za su kai bazara, kuma ba addininmu ɗaya ba, ba harshenmu ɗaya ba. Suka jibge shi a wurin suka cinna wuta. In ta ci ta mutu, a share toka a haƙa abin da ya yi laushi, a sake hura wata. Wata tsohuwa da ba ta da kowa ta kawo 'yan ƙirare a bakin zanenta, na ce wa Baba Arzika ya hana ta, ya ce, "In na hana ta, ba za ta ƙara gaishe ni ba." Haka aka yi ta yi har ramin ya isa.

Mu biyu muka yi masa salla, ni da tsoho mai sanda biyu, su kuma suna tsaye daga baya, hulunansu a hannu, farin abin nan yana sauka a kawunansu.

Hanya ta rufe, na ci ɗarin nan duka a ɗakin Baba Arzika. Na ga ranakun da rana ke leƙowa kawai ta koma. Na koyi kamun kifi ta ramin ƙanƙara, na koyi ɗana tarko, na yi faskare na mayar wa kowane gida abin da na iya. Da ruwa ya narke, dinyoyi suka dawo, na ce wa tsohon ya zo in goya shi mu koma gida. Ya girgiza kai ya ce, "Wa ya rage da zai gane ni a can? Jikokina suna nan. Kuma yanzu na sami maƙwabci mai jin maganata. Je ka, ɗana, zan riƙa share masa ganye."

Na ratsa kurmi, na ƙetare teku, na bi ayari. Sau da yawa a hanya nakan ji bakina yana cewa, "Akwai rami a gabanka," sannan in tuna.

Da la'asar na shiga Tsamiyar Dutse. Yaran unguwa suka gane ni, suka ruga gida suna ihu, "Inna, matafiya sun dawo! Matafiya sun dawo!" Na tsaya a zaure, ƙafata ta ƙi shiga. Sai na ji takunta, da sauri irin na tsofaffi. Ta fito da ƙwarya biyu na ruwa, ɗaya a kowane hannu. Ta miƙo mini ɗaya, ta leƙa bayana, ta leƙa bakin ƙofa, ta dubi hanya har ƙarshenta. Sannan ta dubi fuskata.

Ba ta tambaye ni kome ba. Ta ce, "Sha, Mantau, ka sha hanya." Na sha. Ita kuwa tana tsaye riƙe da ɗaya ƙwaryar, ruwan yana zuba a kan ƙafafunta, ta rasa inda za ta ajiye.